Asabe Mai Wankan Jego da Rijiyar Gidanta

A unguwar da Asabe take zaune, can gangaren Talata Mafara inda gari yake sauka zuwa fadama, da wuya ka sami matar da ta haihu ba ta ɗanɗani ruwan zafi a hannunta ba. Wankan jego ne sana'arta. Ana haihuwa za a aika mata, ta zo da damin ganyen darbejiya a ka, ta ɗora tukunya, ta tsaya a kan mai jego safe da yamma har a yi arba'in. Mata suna tsoronta, suna kuma rububinta. Ba ta san sassauci ba. In ka ji mace tana kururuwa a bayan ɗaki tana haɗa wani da Allah, to Asabe ce take fyaɗa mata ganye, tana gaya mata ta yi wa mutane shiru, ai ranar da aka kai ta ɗakin miji da guɗa ba ta yi wannan ihun ba.

Ba 'yar Mafara ba ce. A Tsibiri aka haife ta, ƙasar Maradun, kuma a hannun kakarta Barira ta tashi, wadda ita ce ungozomar ƙauyen. Tun Asabe ba ta kai tsawon turmi ba take bin tsohuwar gida-gida tana tura mata itace a murhu. A can ta koyi yadda ake gasa cibiya, da yadda ake dama kunun kanwa, da yadda ake tsoma gwiwar hannu a ruwan wankan jariri a san ya yi daidai. Barira ba ta bayani. Ka gani, ka yi, in ka kuskure ka sha ranƙwashi. Abin da Asabe ta koya a haka bai taɓa zama mata abin tambaya ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar dalilin cin tuwo da hannun dama.

Aure ne ya kawo ta Mafara, gidan Ayuba manomin shinkafa, mutum mai sanyin hali wanda ya jure wa bakinta har Allah ya karɓi abinsa. Shi ya haƙa rijiyar da ke tsakar gidan da hannunsa, shekarar da suka tare. Ruwanta garai, ba gishiri, har maƙwabta suna tsallake nasu su zo ɗiba. Sun haifi maza, suka girma suka watse neman abinci, wani Gusau, wani Sakkwato. Matansu kuwa in ciki ya tsufa gidan iyayensu suke tafiya, kamar yadda aka saba. Mace ɗaya Allah ya ba Asabe, Zuhura, ita ce auta, tana aure a Bakura wurin Surajo mai gyaran injin ban-ruwa. Saboda haka matar da ta yi wa 'ya'yan mutane wanka har ta daina tuna yawansu, ba ta taɓa yi wa jininta ba. Da labari ya zo cewa Zuhura tana da ciki, Asabe ta yi ta murna a ɓoye, ta fara tara itacen kirya a bayan ɗaki tun kafin ruwan farko ya sauka.

Sai damina ta zo da nata shirin.

A ƙarshen watan Agusta aka yi wani ruwa da ya fara bayan azahar, ya ƙi ɗaukewa har wayewar gari. Unguwar gangare ce, duk abin da saman gari ya wanke nan yake zuwa. Rariyar da ke fitar da ruwa daga gidan Asabe sai ta koma shigo da shi. Kafin hantsi ruwa ya kai mata gwiwa a tsakar gida, baƙi, mai yauƙi, da ledoji da kashin awaki suna yawo a kai. Abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne masai. Ramin ya cika, bakinsa ya rufta, abin da ke ciki ya fito ya bi ruwa ya shiga ko'ina, har ɗakin da ta shafe da farar ƙasa don mai jego. Tana tsaye a kan turmi tana salati ta ga ruwan ya haye bakin rijiya ya zuba ciki.

Da ruwa ya janye, amai da gudawa suka shiga unguwa. An kai mutane asibiti a kan mashin, wasu sun dawo, yaron maƙwabcinta na bayan gida bai dawo ba. Ma'aikatan lafiya suka yi ta zagayawa da lasifika suna cewa a tafasa ruwan sha, a wanke hannu. Asabe ta ji, ta kuma ɗauka. Ba ƙazama ba ce, kowa ya shaide ta. Ta ƙone tabarmi da katifa, ta kwashe laka da kwano, ta kankare bango. Tabon ruwan ya ƙi fita, wani baƙin layi daidai gwiwa, da funfuna tana tsirowa a ƙasansa duk safiya. Ta sake shafe shi da farar ƙasa, ta kunna garwashi a ɗakin, ta yi ta zuba turaren wuta har warin ya lafa. Aka haƙa sabon masai, aka cike tsohon da ƙasa. Sannan ta kira masu yasar rijiya, suka wuni suna kwarfa har suka ga yashi, suka fito da mushen kaza da takalmi wari ɗaya.

Bayan kwanaki rijiya ta sake kawo ruwa. Asabe ta ja guga, ta zuba a farin kwano, ta kai rana ta duba. Ta shinshina. Ta kurɓa ta jujjuya shi a baki. A makarantar matan aure an koya musu cewa ruwan da launinsa bai sauya ba, ƙamshinsa bai sauya ba, ɗanɗanonsa bai sauya ba, mai tsarki ne. Wannan kuwa duka ukun lafiya lau. Ta yi hamdala ta yi alwala da shi. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne tsohon masai yana nan a ƙarƙashin ƙasa, taku kaɗan daga rijiyar, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf, abin da ke can yana tsattsafowa nan a hankali.

Surajo ya zo da kansa ganin ɓarna. Ya durƙusa a bakin zaure, ita tana daga ciki, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da ruwa da mutanen Bakura. Sannan ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Inna, cewa niy yi, tunda ruwa ya taɓa gida, ko a bar ta ta haihu can wurin tsohuwata. In gida ya bushe sai ta taho."

"Mutuwa niy yi?" in ji Asabe.

"Subhanallahi, Inna."

"To in ban mutu ba, ɗiyata guda, haihuwar hwari, ba wadda za ta ɗora mata tukunya sai ni. Gida na gyara shi. Rijiya an yashe. Mi ar rage?"

Suruki ba ya ja da uwar matarsa. Surajo ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya koma. Ranar da ya kawo Zuhura, sai ga shi da jakunkunan ruwan leda a bayan mota, ya roƙi arziki cewa shi kaɗai za ta riƙa sha. Asabe ta taɓe baki, amma ta yarda. Ita ma kanta tun bayan ambaliyar ba ta shan ruwan rijiyar sai ta tafasa. A wajen ruwan sha dai ba wanda ya yi sakaci a gidan nan.

Zuhura ta sauka lafiya, namiji, aka raɗa masa Anas. Asabe ta ce wannan angon nata ya cika baƙi, ga rowa, ya zo ko kuɗin cefane bai riƙo ba, amma za ta yi maneji da shi. Bakinta ya ƙi rufuwa. Ta yi wa 'yarta wanka irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba, ruwa yana tafasa a kan wuta ta tsoma ganye ta fyaɗa, tururi ya cika bayan ɗaki.

Wankan jariri daban yake. Ba a sa ɗanyen jiki a tafasasshen ruwa, dole a sirka. Sai ta ɗebi na zafi a kwatarniya, ta je rijiya ta jawo guga mai sanyi, ta riƙa zubawa tana tsoma gwiwar hannu har ya yi daidai. Ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da yaron a kai, ta wanke shi tsaf, ta mimmiƙe masa gaɓoɓi. Daga ƙarshe kuma sai ta kamfaci ruwan ɗumin nan a tafin hannu ta ɗura masa a baki, ya haɗiya yana mutsu-mutsu, don cikinsa ya ware ya yi barci. Haka Barira ta yi mata, haka ita ma ta yi wa duk jaririn da ya ratsa ta cinyarta. A wurinta wannan ba shan ruwa ba ne, ƙarshen wanka ne kawai.

Zuhura tana gani daga bakin ƙofa. A wurin awon ciki a Bakura an sha gaya musu kada a ba jariri komai sai nono. Maganar ta zo mata har leɓe, ta koma. Ɗan fari ne. Yarinya mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya sai an miƙa mata, balle ta buɗe baki ta gaya wa uwarta yadda za a yi da shi. A ce ta nuna zaƙuwa a kan ɗa? Kuma wa za ta gyara wa wanka, Asabe? Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shan kununta.

Ba a daɗe da suna ba cikin yaron ya ɓaci. Da farko Asabe ta ce ba komai, kashin jarirai dama ruwa-ruwa ne. Washegari abin ya ƙaru, ana cire tsumma ana sa wani, ga wani wari da ba ta san jariri da shi ba. Ya fara kama nono yana saki. Ta ce ko kanwa ce ta yi yawa a kunu, ta rage. Ta ga leɓensa ya bushe, tausayi ya kama ta, da ta zo wankan yamma sai ta ƙara masa ɗurar fiye da kullum.

Safiyar da ta biyo baya ta ɗauko shi za ta yi masa wanka, ta ji ya yi mata sakayau a hannu. Ta kai shi haske. Idanunsa sun zurma. Ta shafa kansa, ta ji maɗigarsa ta faɗa ciki har yatsa yana nutsewa. Ya buɗe baki zai yi kuka, muryar ba ta fito ba sai wani ɗan siririn sauti. Ta tuna yaron maƙwabcinta da ya rasu, yadda uwarsa ta ce shi ma haka idonsa ya yi. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji a kan ɗan kowa ba ya kama ta.

Ta juya ta ga Zuhura zaune a bakin gado, ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suna motsi.

"Ke, tun yaushe rabon shi da hitsari?"

Zuhura ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska.

"Magana nika yi maki! Aje kunyar nan, ba ranarta ba ta."

"Tun jiya da rana, Inna," in ji Zuhura. "Gudawa ɗai shika yi. Ni duba, ni sake dubawa."

Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Asabe da bakinta ta sha yi wa mata tas a kan haka, ta ce iska za ta shige su, su zo suna kumburi. Ranar nan ita ta ciro mayafi ta jefa wa 'yarta, ta naɗe jariri a zane, ta bar tukunya tana tafasa a kan wuta. Ta tsaya a bakin titi tana ɗaga wa 'yan kabu-kabu hannu, mata suna leƙe ta kan katanga, ba ta ko dube su ba.

A asibiti suka tarar da layi, amma malamar da ke karɓar yara tana ɗaga zanen ta ce su biyo ta. Hindatu ce sunanta, kuma ba baƙuwa ba ce, Asabe ce ta yi mata wankan haihuwarta biyu. Ta ja fatar cikin yaron ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta kira likita. Aka yi ta neman jijiya a hannun da bai fi yatsan babba kauri ba, a soka a zare, a soka a zare, yaron ko motsin kirki ba ya yi. Asabe ta gwammace ya tsala ihu. Da ƙyar aka samu, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi masa allura.

Sannan Hindatu ta jawo kujera ta zauna kusa da su.

"Inna Asabe, ban da nono mi kuka ba shi?"

"Ba mu ba shi komi."

"Ko jiƙo? Ko zuma?"

"Wallahi ko ɗaya."

"Ruwa fa?"

"Wane ruwa? Uwar ma na leda taka sha."

Har ga Allah gaskiya take faɗa. Hindatu ta sake duban yaron. Sai Zuhura, wadda tun shigowarsu ba ta ɗaga kai ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wurin wanka, Inna."

Asabe ta juyo. "Wannan ai ba sha ba na. Kuma tafasasshe na, ni da kaina nika tafasa shi."

"Da wane ruwa kika sirkawa?" in ji Hindatu.

Asabe ta ga kanta tsaye a bakin rijiya da guga, safe da yamma, tana zuba ɗanyen ruwa a kan tafasasshe. Ta ga baƙin ruwan nan yana haye bakin rijiyar.

"An yashe ta," ta ce. "Na duba, na shinshina, na ɗanɗana. Garai shike."

"Na yarda, Inna. Abin da ka kama cikin jinjiri ido bai ganin shi, hanci bai jin shi. Rijiyar da masai ya shiga, yasa kaɗai ba ta isa, sai an sa magani an gwada, wata ma sai dai a haƙura da ita. Babba na iya sha ya tsira. Wanga kwana nawa gare shi duniya?"

Ba faɗa Hindatu ta yi ba, a hankali ta faɗa, hannunta a kan gwiwar tsohuwar. Da ma zagi ne da ya fi wa Asabe sauƙi. Ta tashi daga bakin gadon ta koma can jikin bango ta zauna a ƙasa.

"Zai tashi?" Zuhura ce ta tambaya, a gaban uwarta, ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Rai na hannun Allah," in ji Hindatu. "Mu dai abin da muka jira shi na hitsari. In ya yi, ruwa ya kama jikinai, ƙoda ta tashi. In kun gani ku kira ni maza."

Surajo ya iso bayan azahar, kaca-kaca da baƙin mai, ko wanke hannu bai tsaya yi ba. Ya daɗe tsaye a kan ɗansa. Sannan ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da Asabe, ya gaishe ta cikakkiyar gaisuwa kamar ba abin da ya faru, ya yi mata sannu da ɗawainiya. Daga ƙarshe, idonsa a ƙasa, ya ce in Allah ya sa an sallame su, Bakura za su wuce, can akwai burtsatse a ƙofar gida.

Matar da ba a taɓa gaya wa magana ta haɗiye ba ta ce, "Hakanan ya kamata." Wankan da ta shekara da shekaru tana jira ya ƙare ke nan tun ba a yi rabi ba, amma ita ko a jikinta. A kai shi Bakura, a kai shi ko'ina, in dai da ransa za a kai shi.

Rana ta yi ta tafiya. Ruwan yana ɗiga a cikin roba, ɗis, ɗis, kamar ba ya son sauka. Zuhura tana riƙe da yaron a cinya saboda kada ya fizge allurar, bini-bini ta zura hannu ƙarƙashin tsumma ta fito da shi a bushe. Duk sanda ta zura, Asabe daga jikin bango sai ta daina numfashi. A gadon da ke gefe wata mata ta fashe da kuka, aka ja labule. Aka kira la'asar, Asabe ta je ta yi, ba ta san abin da ta karanta ba. Ta dawo ta tarar ba abin da ya sauya.

Can Zuhura ta fara lumshe ido tana tangaɗi a zaune. Ɗanyen jiki ne, tun safe ko kunu ba ta sha ba. Hindatu ta zo wucewa ta gan ta, ta ce maza ta tashi ta je ta ci wani abu, in ta faɗi wa zai ba yaron nono. Surajo ya fita sayen magani. Zuhura ta dubi uwarta.

"Inna, ku riƙe shi."

Asabe ta girgiza kai. "A jira ubanai."

"Inna, don Allah. Jiri nika ji."

Ta taso da ƙyar, ta zauna a bakin gadon, aka ɗora mata shi a cinya da igiyar ruwan a hannunsa. Ba ta yi masa wasa ba, ba ta kira shi ango ba. Ta zuba wa ƙirjinsa ido kawai, yana ɗagawa yana sauka, tana tsoron in ta ƙifta zai tsaya. Bakinta yana motsi, ita kanta ba ta san ko addu'a take yi ko haƙuri take ba shi ba.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Sai ta ji wani ɗumi a cinyarta ta hagu, kaɗan, yana ratsa tsumma, yana ratsa zane. Ta ƙi yarda. Ta zura hannu a hankali, ta fito da shi, ta duba yatsunta a jiƙe. Ta kai hanci. Ba gudawa ba ce.

Ba ta motsa ƙafarta ba, don kada ya firgita ya katse. Tana zaune ƙiƙam, hawaye yana zuba har haɓa, ta ɗaga muryar nan da duk unguwa ta sani, har masu jinya suna juyowa.

"Hindatu! Ke Hindatu! Taho ki gani, ya yi!"